Tattabarun Papi

Talata, 8 ga Oktoba, da yamma

An kwantar da Papi, mahaifina, a asibiti. Karo na uku ke nan a bana. Na same shi zaune a kan matakala tsakanin hawa na uku da na huɗu, abin shaƙar maganin asmarsa shuɗi a hannu, babu komai a ciki, leɓɓansa sun yi toka-toka. Daga saman bene yake, wurin tattabarunsa. A cikin motar asibiti, da takunkumin iska a fuskarsa, ya jawo hannun rigata. Na sunkuya, na ɗauka zai yi maganar marigayiya Mami, mahaifiyata, ne, ko inda yake so a binne shi. Sai ya ce, "Nena, ban rufe musu ƙofa ba."

Na koma na rufe musu ƙofa.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan na taso daga aiki

Likita ta tambaye ni ko muna da kare ko kyanwa a gida. Na ce a'a. Sannan na ce akwai tattabaru a saman bene, sun fi sittin. Ta ajiye biro ta dube ni. Ba ta ce a rabu da su ba. Ina so in rubuta wannan daidai yadda ya faru: ba ta ce ba. Cewa ta yi ƙurar gashinsu da busasshen kashinsu ba sa yi wa ƙirjin ɗan shekara saba'in da shida daɗi. Ta ce akwai wata mata da za ta riƙa zuwa gida tana koya masa yadda zai kula da asmarsa da kansa, in jira zuwanta.

Papi kuwa daga gado yake ba ni umarni. "Masara da safe, kada ki cika. Kyaftin, jan nan mai farin wuya, shi ke fara ci. In kika bari wani ya riga shi, fushin kwana biyu zai yi."

Na ce, "Ya ɗauko mai shi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na'urar da ke gefen gadon ta kama ƙara.

Na hau na kankare ƙasan ɗakinsu kamar yadda yake yi kowace safiya. Ni da ba ni da asma, sai da na fito na dafa bango ina tari. Shi kuma haka yake yi tun kafin a haife ni. Na zauna a kan bokiti na yi ta tunani. A ɗakin girkin makarantar da nake aiki, in yaro ba ya jituwa da gyaɗa, ba ma zaunar da shi mu nemi ra'ayinsa. Cire gyaɗar muke yi.

Juma'a, 11 ga Oktoba, da la'asar

Na je wurin Carmine, tsohon nan ɗan Italiya mai tattabaru a bene na bayan tashar jirgin ƙasa. Shi da Papi sun shekara arba'in suna yaƙi a sararin samaniyar unguwarmu, Bushwick. Kowa ya saki garkensa, garkunan su haɗu a sama su cakuɗe, kowa ya yi fito ya kira nasa. Tattabarar da ta ruɗe ta sauka a benen wani ta zama tasa, sai an fanshe ta. Kullum a bakin Papi, Carmine ɓarawo, Carmine tsohuwar kura. Ni kuwa a ganina mutumin da ake ambata a kan kowane abinci ai aboki ne. Kuma ban san wani ba.

Yana ganina ya ce, "A'a, 'yar Heriberto! Tsohon ya mutu ne, kin zo gayyatar jana'iza?"

Na gaya masa abin da ya kawo ni. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya cire hula ya sosa kai.

"Ya sani?"

"Ya sani."

"Heriberto Quiñones ya ce a ba ni tattabarunsa. Ni."

"E."

"To lallai jikin ya yi tsanani," in ji shi. Ya mayar da hularsa.

Asabar, 12 ga Oktoba, da yamma

An gama. Carmine ya zo da kwanduna, mai kula da gininmu ya zo da guduma, yana cewa mai gidan zai ji daɗi. Katakon ɗakin tattabarun ya fi yadda na zata sauƙin ɓallewa. Na wanke wurin da bilic, ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Har yanzu hannuna warinsa yake.

Sauran ba zan rubuta ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da safe

Daidai na yi. Zai rayu.

Litinin, 14 ga Oktoba, da yamma

Na dawo da shi gida. Na dafa masa shinkafa da wake yadda yake so, na shirya maganganun da zan yi bayan ya ci, ɗaya bayan ɗaya. Ban samu na fara ba. Yana shigowa ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa, ya karkata kai yana saurare. A hawa na biyu muke, amma da rana kukansu kan sauko ta tagar banɗaki. Sai ya dubi bayan ƙofa, inda buhun masara yake zama.

"Ina buhun?"

Na gaya masa. Ban yi kuka ba, na faɗa a tsare, har da abin da likita ta ce. Ya bar ni na kai ƙarshe.

"Wa kika ba?"

"Papi, wanda zai kula da su ne. Ya san su, ya san..."

"Wa?"

"Carmine."

Ya zauna a kujerar bakin taga da rigar sanyinsa a jiki. Can ya ce, ba da ni yake ba, "Shekara arba'in bai iya kama Kyaftin ba."

Abincin na nan a tukunya.

Talata, 15 ga Oktoba, da azahar

Matar ta zo. Sunanta Odette, 'yar Haiti ce, gajera, muryarta a kwance. Na tarbe ta da alfahari, Allah ya yafe mini. Na ce mata babbar matsalar an riga an kawar. Ta ce, "Wace?" Na faɗa. Ta dubi Papi, ta dube ni. Na ga ta tura wani abu can ƙasan jakarta. Takunkuman fuska ne, sababbi a leda, da safar hannu.

Ta ce masa ya nuna mata yadda yake shaƙa. Ya ɗauki shuɗin ya fesa a baki fiss fiss, ya haɗiye kamar mai shan miya. Ta ce, "Baba Heriberto, harshenka ne ya warke yanzu, ƙirjinka bai samu komai ba." Ta tambaye shi ɗayan abin shaƙar, mai ruwan lemo, na kullum safe da yamma. Ya ce ai wannan na ranar da ciwo ya tashi ne, lafiyayye ba ya shan magani. Ta duba ranar da aka ba shi. Tun watan Maris, kuma kusan cike yake.

Tun watan Maris. Ni nake karɓo masa, ban taɓa girgiza shi na ji ba.

Ta shiga banɗaki ta ga baƙin danshin da ke bayan baho, ta leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke ta ga kyankyasai. Daga ƙarshe ta jawo kujera ta zauna gabansa. Ta ce ita ba ta zo ta ba shi doka ba. Ta ce, "Me kake so ka iya yi da numfashinka? Daga nan za mu fara."

Ya ce, "Babu komai, madam. Na gode."

Na raka ta har ƙasa. Na ce, "Da kin zo kin tarar da su fa?"

Ta ce, "Da mun tambaye shi." Sai ta riƙe hannuna. "Wataƙila da ƙarshenta nan za a zo, Nilsa. Ban sani ba. Babu wanda zai iya gaya miki."

Na fi so da ta zage ni.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da yamma

Ya shaƙi na safe. Ya shaƙi na yamma. Bai yi mini magana ba.

Asabar, 19 ga Oktoba, da hantsi

Ya shaƙi na safe, da bututun da Odette ta kawo. Ya girgiza, ya fitar da numfashi, ya danna, ya ja a hankali, ya riƙe, ya kuskure baki. Babu kuskure ko ɗaya. Ta ce ya ajiye mai ruwan lemon kusa da tukunyar kofi don kada ya manta, ya ajiye. Duk abin da ta ce yana yi, kamar fursuna mai ladabi.

Da na miƙa masa kofi ya ce, "Na gode, Nilsa." Tunda nake bai taɓa kirana da sunana ba sai in na yi laifi a makaranta. Nena yake ce mini.

Talata, 22 ga Oktoba, da yamma

Odette ta sa ya busa ma'aunin numfashi. Ta ce ya ƙaru sosai. Na tambaye ta, saboda maganin ne ko saboda an kawar da su? Ta ce ba ta da abin auna wannan.

Da ita yana hira. Ya ba ta labarin garinsu a Puerto Rico, har ya tsokane ta cewa kofin Haiti ruwan wanke tukunya ne. Ta ce wanda bai iya shaƙar magani ba ina shi ina sanin kofi. Suka yi dariya. Ina tsaye a ƙofar kicin da tsumma a hannu. Da ta tafi sai ya koma taga.

Na zuba maganin kyankyasai. Na kankare bayan baho. Na wanke labule. Babu sauran abin wankewa a gidan nan.

Alhamis, 24 ga Oktoba, bayan aiki

Na koma wurin Carmine. Na ce na yi masa ƙarya. Ya ce ya sani, tun ranar da ya ga Heriberto bai kira ya zage shi ba.

Na ce zan karɓe su.

Ya ce, "Kwashe su yanzu, 'yata, har da kwandunan. Kin ɗauka daɗi nake ji? In saki garkena in haɗa da na wa? Sama ta zama fili. Amma ki kai su ina?"

Na sauko na kira mai gidanmu. Ya ce tsohon ɗakin ya ƙyale ne don ya tarar da shi a can lokacin da ya sayi ginin. Sabo kuwa, ko ƙusa ɗaya ba za a buga masa a rufi ba. Na roƙe shi. Na ce ni zan riƙa sharewa. Ya ce, "Ke da kanki kika sa aka rushe, ko ba haka ba?"

Haka ne.

Asabar, 26 ga Oktoba, da safe

Ya shaƙa. Ya ci burodi rabi.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da yamma

Carmine ya saki tattabarun Papi jiya, karon farko, tare da nasa. Ya ce ya tsare su iya yadda za a tsare tsuntsu. Ƙananan sun bi garkensa sun koma. Tsofaffin, wajen goma sha biyar, sun taho nan.

Na hau na gan su. Suna tsaye a kan kwaltar rufin, daidai inda ɗakin yake da, a cikin murabba'in da bilic ya bari. Ba su watsu a rufin ba, a cikinsa suke. Kyaftin na gaba, yana zagaye wurin da ƙofar take.

Ban gaya wa Papi ba. Ba sai na gaya masa ba. Kujerarsa na kallon wannan gefen sararin, kuma mutumin da ke gane tattabararsa cikin ɗari tana sama ba zai kasa ganin goma sha biyar sun wuce kan tagarsa ba.

Talata, 29 ga Oktoba, da hantsi

Gashin tsuntsu a rufin, fari da toka, da ɗan jini. Shaho ne. Wanda ke zama a hasumiyar coci. Na share na zuba a leda na kai can ƙasan shara.

Da yamma

Papi ya ce da bango, "Saura goma sha huɗu."

Alhamis, 31 ga Oktoba, da azahar

Odette ta sake yi masa tambayar nan tata, kamar yadda take yi kowane zuwa. Yau ya amsa.

"Ina so in hau sama."

Na kusa sakin kofin da ke hannuna. Ita kuwa ko gira ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Madalla. Yaushe?" Ya ce Lahadi. Suka zauna suka tsara. Zai shaƙi shuɗin kafin ya fara hawa, ya jira ya kama shi. Zai huta a kowace kwanar matakala ko bai gaji ba. Zai sa takunkumi. In ƙirjin ya fara fito, ya zauna, ba jarumta. Ta ce kuma ba zai hau shi kaɗai ba.

Ya ce, "Ita ta biyo ni." Bai dube ni ba, amma ni yake nufi.

Na shiga banɗaki na buɗe famfo na yi kuka. Yana so ya gan su. Wataƙila in ya gan su... Ban san me nake tsammani ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da yamma

Na sayo masara da dawa a shagon abincin tsuntsaye, ƙaramar leda, na ɓoye a jakata. Na ce gobe in mun hau zan miƙa masa, ya watsa musu da hannunsa.

Da na dawo na ji shi a waya. Lambar Carmine ya kira, karon farko tun dawowarsa daga asibiti. "Kai, tsohuwar kura. E, ni ne, ban mutu ba, ka yi haƙuri. Gobe da hantsi ka tsaya a kan benenka. Ka bar garkenka da yunwa yau. Ka yi fito da ƙarfi, ba irin na tsohuwar nan da ka saba ba." Ya saurara. "Ban tambaye ka ba. Ka tsaya kawai."

Ban gane ba. Na ɗauka wani sabon wasa za su fara.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da yamma

Zan rubuta shi a tsare.

Ya shaƙi shuɗin. Ya jira. Ya sa takunkumi. Ya ɗauko gorarsa daga bayan firiji, doguwar nan mai baƙin tsumma a kai da yake tashin garke da ita, wadda ban san ya ɓoye a can ba. Muka hau. Ya huta a kowace kwana. Numfashinsa bai yi fito ba ko sau ɗaya. Da Odette ta gan shi da ta yi murna.

Da muka buɗe ƙofar rufin suka gan shi. Ban san tsuntsu na gane mutum da rabin fuska a rufe ba. Suka taho da gudu a ƙasa, suna kuka, suna hawa kan takalmansa. Kyaftin ya tashi ya sauka a kafaɗarsa. Papi ya tsaya bai motsa ba. Ya dubi wurin da ɗakin yake, ya daɗe yana dubawa.

Na ciro ledar na miƙa masa.

Ya ce, "Mayar. Wanda ya ci a nan, gobe a nan zai kwana. Kuma nan babu ƙofar da za a rufe masa."

Sai ya kaɗe Kyaftin daga kafaɗarsa, ya ɗaga gorar ya fara kora.

Suka tashi suka yi zagaye ɗaya, kamar kullum, suka dawo za su sauka. Ya kaɗa gorar. Suka sake zagaye. Can bayan tashar jirgi ina hango Carmine, ɗan ƙarami, yana watsa hatsi yana fito, garkensa na sama. Papi yana ihu ta cikin takunkumi, "Ku tafi! Ku tafi, 'yan banza, babu kowa a nan!" Da ƙirjinsa ya fara nauyi ya zauna a kan bututun hayaƙi, ya huta yadda aka koya masa, gorar na tsaye a hannunsa don kada su sauka. Sannan ya miƙe ya ci gaba.

Ɗaya bayan ɗaya suka shiga garken Carmine. Kyaftin ne ya ƙi. Sau uku yana dawowa. A na ƙarshe ya sauka dab da ƙafar Papi, ya ɗaga kai yana kallonsa. Papi ya buge shi da tsumman. Ba da ƙarfi ba. Amma ya buge shi.

Ya tashi ya tafi.

Muka sauko. Ya huta a kowace kwana. A bakin ƙofarmu ya miƙo mini gorar. Ya ce, "Zai dawo. Tsoho ne, ba ya jin magana. Ni ba zan iya sau biyu ba."

Litinin, 4 ga Nuwamba, kafin in tafi aiki

Na hau. Kyaftin na can shi kaɗai, ya kumbura gashi saboda sanyi. Da ya gan ni ya taho, don ni na ba shi masara satin da Papi ke asibiti, kuma ban taɓa barin wani ya riga shi ci ba.

Na ɗaga gorar.

Da na sauko Papi na zaune a tebur, kofinsa bai taɓa ba.

"Ya zo?"

"Ya zo."

"Kin kore shi?"

"Na kore shi, Papi."

Ya jinjina kai. Ya jawo kofin gabansa, ya tura mini nawa.

"Gobe ma," in ji shi.